Yadda Na Koya wa Ƙananan Kajina Kiwon Sake

Tsakon da uwa ta ƙyanƙyashe ba ya bukatar wani ya koya masa kiwo, domin tun yana ɗan kwanaki yake biye da ita, yana ganin abin da take tsattsaga da abin da take tsallakewa, yana kuma bambance kukan da take yi idan ta tono abinci da wanda take yi idan ta hango shirwa a sama. 'Yan tsakina ba su sami wannan gata ba. Na'ura ce ta ƙyanƙyashe su, na karɓo su guda 12 suna 'yan kwana ɗaya, suka tashi a akwatin raino ƙarƙashin fitilar ɗumi, ba su san komai ba sai kaskon abinci da mazubin ruwa. Da na yanke shawarar cewa za su riƙa kiwon sake a bayan gida, na san cewa aikin uwa ya dawo kaina, wato sai na nemi dabarar da zan nuna musu inda gidansu yake, da kiran da za su amsa, da wurin da za su ɓuya idan haɗari ya taso, tun kafin in buɗe musu ƙofa.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne gashin jikinsu. Tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa a makonnin farko, shi ya sa ake ba shi ɗumi na kimanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas a mako na farko, sannan a riƙa ragewa da wajen digiri 3 kowane mako. Sai ya kai mako 5 zuwa 6 lallausan gashin haihuwa yake ƙarewa, gashi na sosai ya rufe shi. Ban dogara da lissafin makonni kaɗai ba, domin ba duka suke cika gashi a lokaci ɗaya ba. Nakan ɗauki kowanne in duba ƙeya da wuya da ƙarƙashin fiffike, saboda nan ne gashi yake jinkirin fitowa, kuma tsakon da wuyansa ke fili idan raɓa ta jiƙa shi ko iska ta buge shi, sanyi yana saurin kayar da shi. Da na ga har ƙaramin cikinsu ya rufe, sai na kashe fitilar da rana, daga baya na kashe ta da dare, na kuma lura da yadda suke kwana. Idan suka dunƙule wuri guda suna hawa kan juna suna kuka, akwai sauran sanyi a jikinsu. Idan suka baje suka yi shiru, sun isa rabuwa da fitila.

Batun rigakafi ma na gama shi kafin ƙafarsu ta taɓa ƙasa. Kazar da ke yawo a fili tana cuɗanya da tsuntsayen daji da kashinsu, don haka cutar Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 kuma har yau take iya share garke cikin 'yan kwanaki, ta fi samun hanya gare ta fiye da wadda ke kulle. Na bi jadawalin da likitan dabbobi ya tsara mini na rigakafin cutar Gumboro da na Lasota, wato rigakafin Niyukasil ɗin, na kuma bar tazarar kusan mako biyu bayan na ƙarshe, domin jiki yana bukatar wannan lokacin kafin garkuwa ta kankama. A ganina duk wanda ya tsallake wannan mataki ya saki kaji, ya bar su ne a hannun sa'a.

Daga akwatin raino na mayar da su akurkin da zai zama mazauninsu na dindindin, na rufe su a ciki fiye da mako guda ba tare da sun leƙa waje ba. Wannan tsarewa ta yi mini nauyi a rai, musamman idan na ga suna zuwa bakin raga suna kallon hasken rana, amma ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Kaza tana komawa ne inda ta saba kwana, kuma ba ta sabawa da wuri sai ta kwana a cikinsa dare bayan dare, ta ci a nan, ta sha a nan, ba abin da ya firgita ta. Idan aka sake ta kafin wannan sabo ya kama, faɗuwar rana za ta same ta a kan reshe ko a bayan wani tarin itace, kuma da zarar ta kwana a can sau biyu ko uku, can ɗin ya zama gidanta, raba ta da shi kuwa aiki ne.

A cikin waɗannan kwanaki ne na koya musu hawa sanda. Na kafa sanda mai ɗan faɗi ƙasa-ƙasa, wadda ba ta wuce tsayin gwiwa ba, na ba kowace kaza wajen santimita 20 zuwa 25 na wurin zama. A daren farko ba wadda ta kula ta, duk suka taru a kusurwa ɗaya a ƙasa kamar yadda suka saba a akwati. Sai na jira duhu ya yi sosai, na shiga da ƙaramar tocila na haska ƙasa, na riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, fukafukai a manne da jiki, ina ɗora ƙafafunsu a kan sandar har sai na ji yatsun sun damƙe ta kafin in saki. Kaza ba ta gani sosai a duhu, saboda haka inda aka ajiye ta nan take zama har gari ya waye. Na maimaita haka na wasu darare, sai wata maraice na tarar da huɗu sun hau da kansu, sauran kuma suka bi su a hankali. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, kazar da ta saba neman sanda idan duhu ya gabato tana da abin da zai ja ta zuwa cikin akurki, wadda kuwa ta saba kwana a ƙasa, kowane lungu daidai yake a wurinta.

Kira kuma na gina shi ne da gwangwani da 'yar tsaba. Duk lokacin da zan ba su wani abu da suke so, sai in kaɗa gwangwanin tukuna, in yi fito iri ɗaya, sannan in watsa tsabar a cikin akurki. Ban taɓa kaɗa shi ba tare da na ba su komai ba, domin kaji suna saurin gane kiran da ba ya zuwa da abinci, su daina amsa shi. Ban kuma yawaita tsabar ba, ɗan abin da tafin hannu zai ɗauka ya ishi garken duka, saboda manufar ita ce su haɗa ƙarar da alheri, cika ciki kuwa aikin abincinsu ne na yau da kullum. Ba a daɗe ba suka kai matsayin da ko gwangwanin na taɓa bisa kuskure, sai su rugo bakin ƙofa suna miƙa wuya.

Tunda na fara ba su tsaba, dole ta sa na tanadar musu tsakuwa. Kaza ba ta da haƙori, ƙundu ne yake niƙa mata abinci, shi kuwa ƙundu yana aiki ne da ƙananan duwatsun da ta haɗiye. Tsakon da ya tashi a kan niƙaƙƙen abinci kaɗai ba ya bukatar su, amma ranar da zai fara cin ƙwayar hatsi da ciyawa da ƙwari masu tauri, yana bukatar su a cikinsa tun kafin ya ci. Na zuba musu tsakuwa ƙanana da yashi mai kauri a wani kasko daban. Na kuma riƙa sara musu ɗanyen ganye gajere-gajere, wani lokaci in tono ɗan dunƙulen ƙasa da ciyawarsa da saiwarsa in ajiye musu su yi ta tonawa. Doguwar ciyawa na guje mata, domin kazar da ba ta saba ba takan haɗiye ta da tsawonta, ta nannaɗe a jakar abincin da ke ƙasan wuyanta ta toshe. Dunƙulen ƙasar yana da wani amfanin kuma, wato yana haɗa su da ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasar wurin kaɗan-kaɗan, musamman masu jawo kashin jini, jiki ya fara gina garkuwa kafin su haɗu da su da yawa.

Matakin da ya biyo baya shi ne ɗan filin da na kewaye da raga a gaban ƙofar akurkin, na rufe samansa. Ranar da na buɗe ƙaramar ƙofar, na zaci za su yi rige-rigen fita, sai ga shi sun tsaya cirko-cirko a bakinta. Wata ja mai ɗan tukku ce ta fara miƙo kai, ta karkata shi gefe ta kalli sama da ido ɗaya, ta ɗaga ƙafa ta riƙe ta a iska na ɗan lokaci, sannan ta sauke ta a ƙasa ta sake janyewa. Sai da wani ƙwaro ya yi tsalle a gabanta ta manta da tsoro, ta bi shi da gudu, sauran kuma da suka ga ta kama wani abu suka biyo ta don su ƙwace. Ban tura kowa ba, ban kuma ɗauko kowa na fitar ba, saboda kazar da ta fita da ƙafarta ta san hanyar da ta bi, za ta kuma iya komawa ta ita, wadda aka ɗauko aka dire a waje kuwa takan yi ta zagaye raga tana neman ƙofar da ke gabanta. A wannan ɗan fili suka koyi shiga da fita, suka saba da rana da iska da ƙarar waje, na kuma tabbatar cewa kowace maraice suna komawa ciki da kansu.

Kafin in buɗe musu babban filin, na bi shi taku-taku kaina a sunkuye. Kaza tana tsattsagar duk abin da ya yi ƙyalli ko ya yi kama da tsutsa, don haka na tsince ƙusoshi da guntayen waya da fasassun kwalabe da ledoji da zare, wanda ke iya nannaɗe yatsa har ya yanke shi. Na kawar da maganin ɓera gaba ɗaya, na daina fesa maganin ƙwari a wurin, na rufe duk wani buɗaɗɗen mazubi mai zurfi da ƙaramar kaza za ta iya faɗawa ta nutse. Na duba lunguna ko akwai mushe, domin ruɓaɓɓen nama da tsutsotsin da ke cikinsa suna iya ɗauke da dafin da ke shanye wuyan kaza da ƙafafunta, ta kasa ɗaga kai har ta mutu.

Daga nan na koma kan abin da na fi ba muhimmanci a wannan shiri, wato mafaka. Mutane da yawa suna ɗauka cewa faffaɗan fili tas shi ne abin da kaza take so, alhali asalinta tsuntsuwar daji ce daga kudu maso gabashin Asiya, wadda take rayuwa a gefen kurmi ƙarƙashin bishiyoyi da sarƙaƙiya, kuma har yau wannan ɗabi'a tana jikinta. Wani bincike da Farfesa Marian Dawkins ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta suka wallafa a 2003, a kan gonakin kajin nama na kiwon sake a Birtaniya, ya nuna cewa ko da ƙofofi suna buɗe, ba a taɓa ganin fiye da kashi 15 cikin 100 na kajin a waje a lokaci guda ba, kuma waɗanda suka fita sun fi zaɓar wuraren da ke da bishiyoyi. Abin da na gani a bayan gidana ya yi daidai da wannan. Saboda haka na jingina tsofaffin alluna a jikin bango, na ɗora wani faffaɗan katako a kan bulo huɗu, na tara busassun rassa a tsakiyar filin, na tsara su yadda duk inda kaza take, 'yan taku kaɗan ne tsakaninta da wurin ɓuya. Game da faɗin wuri kuwa, dokar Tarayyar Turai ta tanadi murabba'in mita 4 a waje ga kowace kazar ƙwai ta kiwon sake, na kuma ɗauki wannan a matsayin ma'aunin da ba zan yi ƙasa da shi ba, domin idan wuri ya yi musu kaɗan, cikin ɗan lokaci za su mayar da shi tsurar ƙasa.

Sakin farko na yi shi ne lokacin da suka haura mako 8, jikinsu ya ɗan yi nauyi, kuma na zaɓi ya kasance saura kamar awa ɗaya rana ta faɗi. Hikimar wannan lokaci ita ce, ba su da isasshen sarari da za su yi nisa, kuma raguwar haske da kanta za ta kora su gida ba tare da na sa hannu ba. Na janye kaskon abinci tun da la'asar don su ɗan ji yunwa, na buɗe ragar, na koma gefe na zauna. Sun fito a dunƙule, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba wadda ta yarda ta rabu da 'yan'uwanta, kuma duk yawonsu na ranar bai wuce 'yan mitoci daga ƙofa ba. Na ga ɗaya ta yi tonon farko na sosai, ta ja ƙasa da ƙafar dama sau biyu, ta ja da ta hagu, ta ja da baya ta sunkuya tana duban abin da ya fito, duk da cewa ba ta taɓa ganin wata kaza ta yi haka ba. Da haske ya fara ja, sai na lura sun rage tono, suna yawan ɗaga kai, suna wani siririn kuka. Na kaɗa gwangwani a cikin akurki, tara suka shige nan take.

Ukun da suka rage su ne suka nuna mini amfanin haƙuri. Sun zagaya ta bayan akurkin, suna jin 'yan'uwansu a ciki, suna ta safa da marwa a jikin raga ba su gane cewa sai sun kewayo ba. Ban bi su da gudu ba, domin kazar da aka kora a guje takan watse ta shige inda ba a iya ciro ta, ta kuma ɗauki mai ita a matsayin abin tsoro, wanda hakan ke rushe duk sabon da aka gina. Na ɗauki doguwar sanda a hannu ɗaya, na buɗe ɗaya hannun, na tako a hankali ta bayansu, idan suka karkata hagu in miƙa sandar hagu, har suka iso kusurwa suka ga ƙofa. Washegari na ajiye ƙaramar fitila a cikin akurkin kafin magariba, domin idan cikin ya riga waje yin duhu, kaji suna shakkar shiga. Wannan ɗan haske ya warware matsalar, kuma bayan wasu 'yan kwanaki na cire shi ba su kula ba.

Bayan haka na riƙa gusar da lokacin buɗewa baya-baya, daga awa ɗaya zuwa biyu, zuwa tun daga la'asar, har zuwa rabin yini, ba na ƙarawa sai na ga sun koma da kansu lafiya a matakin da suke. A duk wannan lokaci ina kusa, ko dai ina zaune ko ina wani aiki a filin.

Haɗuwarsu ta farko da shaho ta faru ne ina tsaye. Inuwa ce kawai ta gilma a ƙasa, sai ɗaya daga cikin zakaru biyun da suka fito a garken, wanda ko cara bai fara ba, ya saki wani dogon kuka mai kaifi da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Kafin in ɗaga kai filin ya zama wayam: wasu sun shige ƙarƙashin katako, wasu cikin rassa, ɗaya kuma da ta yi nisa ta lafe a ƙasa ba ta ko motsi. Sun daɗe a haka bayan shahon ya wuce, sannan suka fara leƙowa ɗaya-ɗaya. Kaji suna da kuka daban na haɗarin sama da na haɗarin ƙasa. Na sama yana sa su ɓuya ko su lafe, na ƙasa kuwa kyarkyara ce mai yankewa da ke sa su miƙe wuya su nemi inda abin yake. Idanunsu da ke gefen kai suna ba su damar ganin kusan digiri 300 a kewayensu, shi ya sa suke karkata kai idan za su dubi sama. Duk wannan suna da shi tun daga ƙwai, abin da ba su da shi sai an tanadar musu shi ne wurin da za su gudu, kuma a ranar na tabbatar cewa alluna da rassan nan ba aikin banza ba ne. Shirwa da hankaka sun fi ɗaukar ƙananan tsaki, don haka girman jiki ma kariya ne, wanda shi ne wani dalilin da ya sa ban yi gaggawar sakin su ba.

Maƙiyan ƙasa kuwa, irin su muzuru da tunku da gafiya da maciji da karen da ba a hore shi ba, yawancinsu sun fi ɓarna daga magariba zuwa asuba. Maganinsu shi ne ƙofa a rufe kowane dare ba fashi, da raga mai ƙananan idanu da ba su wuce santimita ɗaya da ɗan kai ba, wadda aka binne gindinta a ƙasa don masu tono. Kowace maraice ina ƙirga kajin a kan sanda kafin in sa sakata, idan lissafi bai cika ba kuwa ba na barin wurin sai na nemo wadda ta rage. Wannan ƙirga tana ba ni damar duba lafiyarsu ma, domin nakan shafa jakar abincin kowace in ji ko ta cika, wadda ta kwanta da jaka wofi kuwa ita ce zan sa wa ido da safe.

Ban rage musu abinci ba don suna kiwo, kuma ina ganin nan ne masu kiwon sake da yawa suke cutar kajinsu ba da saninsu ba. Ƙwari da ganye da tana ƙari ne mai kyau, amma ƙaramin fili ba ya iya ciyar da kaza mai tasowa, musamman lokacin da ƙasa ta bushe. Abincin 'yan tsaki yana ɗauke da sinadarin gina jiki kashi 18 zuwa 20 cikin 100, na masu tasowa kuma wajen kashi 15 zuwa 16, kuma na bar musu shi a cikin akurki koyaushe, wanda hakan ke sa su riƙa leƙawa gida ko da rana. Ban ba su abincin masu ƙwai ba sai da suka kusa fara yi, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, wanda ya kai kashi 3.5 zuwa 4, yana iya lalata ƙodar kazar da ba ta fara ƙwai ba. Ruwa kuma na ajiye shi a wuri biyu, ɗaya ciki ɗaya a inuwa a waje. Zafin jikin kaza yana kusan digiri 41, ba ta kuma yin gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukai, don haka idan rana ta take, inuwa da ruwa mai sanyi su ne rayuwarta.

Da suka saba da waje, sai suka zaɓi wani busasshen wuri a gindin bango suka mayar da shi wurin birgima. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka ciwo ne ya kama kazar, domin takan kwanta a gefe ɗaya, ta miƙe ƙafa, ta riƙa watsa ƙasa cikin gashinta da fiffike, idanu a lumshe, sannan ta tashi ta girgije ƙura ta tashi. Wannan wanka ne da ke rage maiƙon gashi da ƙuma da ƙwarƙwata, saboda haka na ƙara musu yashi da 'yar toka a wurin, na kuma yi masa rumfa don kada ruwan sama ya jiƙa shi. Sai dai ƙasar da ke ba su wannan amfani ita ce kuma ke ba su tsutsar ciki, don haka ina duba kashinsu, ina ba su magani bisa shawarar likita. Ba na zuba abinci a fili inda tsuntsayen daji za su taru, kuma idan aka sami labarin ɓullar murar tsuntsaye a kusa, ina mayar da su ɗan filin nan mai rufi har sai abin ya lafa. A ranakun ruwa mai ƙarfi ma ina jinkirta buɗewa har ƙasa ta tsane.

Wata matsala da ta taso daga baya ita ce tsallake shinge. Ƙananan kaji marasa nauyi suna iya tashi fiye da yadda ake zato, kuma biyu daga cikin nawa sun gano cewa za su iya hawa kan shingen su dira ɗaya gefen. Na rage musu dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, wato guda goman da ke can ƙarshe, na yanke kusan rabinsu. Fiffike ɗaya ake yi wa haka domin ta rasa daidaito idan ta yunƙura, kuma ba ya yi mata ciwo muddin an kauce wa sabon gashin da ke da jini a gindinsa. Ban yi wa sauran ba, saboda kazar da aka rage wa fiffike ta rage ƙarfin tsere wa maƙiyi. Shukokin da nake so kuwa na kewaye su da raga, domin babu horon da zai hana kaza tone sabuwar shuka.

Mataki na ƙarshe ya zo ne da suka doshi mako 18, lokacin da fuskokinsu suka yi ja, wasu suka fara durƙusawa idan na miƙa hannu, alamar ƙwai ya kusa. Kazar sake tana son ɓoye ƙwanta a lungu, kuma inda ta yi na farko nan take komawa. Saboda haka na shirya akwatunan ƙwai a kusurwa mafi duhu ta akurkin, ɗaya ga kowace kaza huɗu ko biyar, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa, na ajiye ƙwan roba a ciki don ya ja hankalinsu. Tunda yawancin kaji da safe suke yin ƙwai, sai na riƙa barin su a rufe har hantsi ya ɗaga sosai kafin in buɗe. Duk da haka wata baƙa ta riƙa ɓacewa da zarar an buɗe, har na bi ta a hankali na tarar da ƙwai biyar a ƙarƙashin tarin rassan da na yi musu mafaka. Na kwashe su, na toshe wurin, na riƙe ta a ciki har azahar na wasu kwanaki, ta koma yi a akwati tare da sauran. Daga nan na dawo da buɗe ƙofa da safe bayan raɓa ta bushe, suna yini a waje, masu ƙwai suna shiga su yi su fito, da magariba kuma ina zuwa in ƙirga su in rufe.